Zumar Leda a Hawan Tota

A zamaninmu, Marleny, ba mu san jel ba.
Mazarƙwaila muke fasawa da bayan wuƙa,
mu jefa a gora, mu bi ta da ruwan zafi,
mu cusa alewar gwaiba biyu a aljihun baya
naɗe cikin busasshen ganye,
mu hau keke, mu bar Sogamoso tana barci.

Ke kuwa ga ki a teburin uwarki
kina jera 'yan ledoji kamar mai rabon gado:
wannan ta minti arba'in,
wannan ta gindin dutse,
wannan mai kofi, sai ƙafa ta fara ƙarya.
Kin ce ciki ma ɗalibi ne,
sai an koya masa karɓa yana tsakiyar wahala.
Wata uku kina koya masa.
Sau biyu ya mayar miki da darasin
a bakin gonar albasa.
Kika goge baki da safar hannu, kika wuce.

Na tambayi kuɗin guda ɗaya.
Da kika faɗa, na lissafa a zuci
faci nawa zan yi a shago
kafin in sayi zumar da ba ta taɓa ganin ƙudan zuma ba.
Faci shida ne.
Ban ce uffan ba.

Ranar tsere gajimare ya sauko ya zauna kan hanya.
Ina tsaye a kwana ta bakwai cikin bargon ulu,
yayyafi yana shiga ta wuya,
sai ga ku, ku tara, kuna numfashi kamar zuga-zugi.
Na ga haƙoranki sun kama bakin ledar,
na ga yatsun da sanyi ya mayar itace,
na ga ta suɓuce.
Ba ki waiwaya ba.
Mai hawa ba ta da wuyan waiwaye.

Ita ce ta ƙarshe, na sani, ni na ga jerin.
Na kuma san mai jiranki a sama.
Yunwar keke ba ta sallama:
hanya takan yi fari,
cinya ta zama ta aro,
kukan sarƙa ya koma can nesa kamar a gidan maƙwabta.
Ta taɓa sauke ni a wannan dutsen,
na zauna a kwalbati ina kuka ba hawaye,
wata tsohuwa ta ba ni dafaffen dankali.

Abin da ban gaya miki ba,
da asuba, kina ɗaure takalmi,
na zura gwaiba ɗaya a aljihunki na hagu.

Ta goma sha ɗaya kika zo.
Na same ki bakin tafki, leɓe ya yi shuɗi,
ganyen yana manne a tafin hannunki.
Kika ce, Baba Evelio,
abin nan naka sai da tauna,
ina tauna ina neman iska,
mutum uku suka wuce ni kafin in haɗiye.
Na ce, da ba ki tauna ba fa?
Kika dubi ruwa, kika yi dariya da sauran ƙarfinki.

Da yamma na koma kwana ta bakwai.
Tana nan a gefen kwalta,
taya ta taka mata kunne, amma ba ta fashe ba.
Na goge ta da bargo, na duba gabas da yamma,
na matse ta a baki.
Zaƙi ne mara uwa mara uba,
ba ƙamshin rake, ba hayaƙin murhu,
ya wuce maƙogwaro bai ko gaishe da haƙori ba.

Shekarata sittin da bakwai.
Na hau tsohon kekena mai ƙarar feda,
kuma kada ki gaya wa kowa:
sauran hawan nan, har saman dutse,
ban sauka na tura ba.